Ƙodar Hajiya a Jikin Lubabatu

Ranar da sakamakon gwajin jini ya fito aka fara yi wa Lubabatu sallama kafin a shiga ɗakinta. Shekara tara tana gidan surukarta Hajiya Madina a unguwar Nuzla, can ƙasar Larabawa, ba ta taɓa jin an ƙwanƙwasa ƙofar nan ba. Manal, ƙanwar mijinta, ita ta ƙwanƙwasa. Ta shigo da gorar ruwa a kan faranti kamar mai kai wa baƙo, ta tsaya a kanta sai da ta shanye tas.

Ƙodojin Hajiya biyu sun gaji. Sau uku a mako ake kai ta wankin ƙoda, ta dawo kamar tsumman da aka matse. Likita ya ce in da mai bayarwa a cikin gida, ya fi jiran layi. Mako biyu kafin nan aka zauna a falo a kan maganar.

Sa'ud, babban ɗa, shi ya fara. Ya ciro waya ya buɗe manhajar hukuma, ya nuna wata 'yar lamba mai ruwan zinariya a gefen hotonsa. Shekara biyu da suka wuce ya yi rajistar bayar da sassan jikinsa bayan mutuwa, zuciya da hanta da ƙoda da idanu, bai bar komai ba. Tun daga ranar babu wanda ya shigo gidan ya fita bai ga lambar ba, har mai kawo tukunyar gas.

"Wallahi ya Ummi, da har yanzu tawa ce, da yau na kwanta an cire," ya ce. "Amma na riga na bayar. Waƙafi ce. Mutum ya ba da fili a gina masallaci, sannan ya dawo ya yanki gefe ya ba mahaifiyarsa?"

"Haram," in ji Manal. "Ba a taɓa waƙafi."

Ita ma tana da lambar, rana ɗaya suka yi rajista. Sai dai ita matsalarta izinin miji ne. Yana aiki a teku, wayarsa ba ta shiga. Da la'asar ɗin nan Lubabatu ta ji su suna gardama a waya kan kalar labule, amma ba a tambaye ta ba. Meshari, autan gidan, daga Riyad ya turo saƙon murya na minti huɗu. Minti uku kuka ne. A na huɗun ya ce mai horar da shi a gidan ɗaga ƙarfe ya ce ba bana ba.

Hajiya ta share hawaye da gefen mayafi. "Ni ban roƙi kowa ba. Kuma abin da na haifa, ba za a sa masa wuƙa ina numfashi ba."

Daidai nan Lubabatu ta shigo da shayi. Ta ga idanu shida sun bar kofuna sun sauka a kan ƙugunta.

Ikrama, mijinta, ya aure ta a Gusau ba tare da izinin hukumar nan ba, ya rasu kafin ya gyara takarda. Sa'ud ne ya rufa asiri irin nasa: ya yi mata iƙama, wato takardar izinin zama, ta 'yar aiki da sunansa, ya sa 'yarta Ruba a katin iyalinsa. A takarda dai Lubabatu mai shara ce a gidan, Ruba kuma 'yar maigida. Da aka ce kowa ya je gwaji don a cika sunnar likita, ita kaɗai aka samu ta isa asibitin. Jininta da na Hajiya suka dace kamar tukunya da murfi.

Daga nan ta daina zama Luba, ta koma ajiyar Ummi. Aka hana ta gishiri da yaji da shayi. Aka hana ta sunkuyo, don haka Sa'ud ya sayo tsintsiya mai dogon hannu. Kwana uku ana sayo abinci daga unguwar Balad, a na huɗu Manal ta ce abincin waje yana tayar wa Ummi zuciya, sai aka kai wa Lubabatu kujera gaban murhu. Ta dafa a zaune, amma ba ta da izinin ɗanɗanawa. In miya ta yi lami a ce hankalinta ba ya wurin.

Da likita ya ce ta hagu za a cire, Manal ta hana ta kwanciya ta hagu. Ta jera mata matasai uku a baya don kada ta juya. Da safe kuma ta tsaya a ƙofar banɗaki.

"Wace kala?"

"Kalar me, Manal?"

"Kin sani. Fari ko rawaya?"

"Tsaka-tsaki."

"Ƙara gora biyu. Ba taki ba ce ke kaɗai yanzu."

Hajiya kan kira ta bayan azahar ta ce ta juyo. Ta ɗora tafin hannu a gefen cikinta na hagu, ta yi tofi, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. "Ki yi haƙuri, kin kusa zuwa gida." Lubabatu tana tsaye tana kallon bango har a gama hirar.

Ruba, mai shekara takwas, ta dawo makaranta ta faɗa jikin uwarta kamar kullum, sai aka ji muryar Manal daga falo: "A hankali, za ki danne ta Sitti." Haka Ruba ke kiran kakarta, Sitti. Yarinyar ta ja baya. Ta daɗe tana kallon cikin uwarta.

"Mama, wacce ce taki a ciki?"

"Duka nawa ne."

"Amma Amti Manal ta ce ta wannan gefen ta Sitti ce."

Lubabatu ta ce ta je ta cire kayan makaranta.

Ba ta da wani babban dalili. Ba ta ƙin Hajiya, ta ma fi kowa sanin wahalarta, tunda ita ke riƙe mata roba in amai ya zo. Ba ta so ne kawai a yanka ta, kuma ba ta san rashin so dalili ne ba. Ta gwada faɗa sau ɗaya, Sa'ud yana cin kankana bayan sallar Juma'a.

"Yaya, ina jin tsoro."

"Tsoro daga shaiɗan ne. Allah ya ba ki biyu, kina aiki da ɗaya, ɗayar tana zaune tana cin abinci a banza." Ya tofar da ƙwallo a faranti. "Af, iƙamarki saura wata biyu. Na tuna ne kawai. Ba wai ina haɗa wannan da wancan ba, Allah ya kiyaye."

Saura zama da kwamitin asibiti, masu tabbatar da cewa mai bayarwa da son ransa ya zo. Sa'ud ya ce ba a shiga jarrabawa ba bita. Ya zauna a bayan teburin cin abinci, ya ari tabaran Hajiya ya maƙala a hanci, ya zama likita.

"Mece ce alaƙarki da marar lafiya?"

"Surukata ce."

"Madalla. A asibiti ke 'yar gida ce. A ofishin fasfo ke 'yar aiki ce. Kada ki haɗa su, ki jefa mu a masifa. An tilasta miki?"

"A'a."

"Da murmushi."

Ta yi.

"Ba wannan ba. Wannan na wadda aka tilasta wa ne. Manal, nuna mata."

Manal ta nuna. Suka yi ta maimaitawa har kumatun Lubabatu suka yi tsami. Hajiya daga kan gado tana cewa na ukun ya fi kyau, a riƙe na ukun.

Ranar Talata aka bar su Sa'ud a waje, aka shigar da ita wani ƙaramin ɗaki mai sanyi. Likita mace ce, da wasu likitoci biyu. Da suka ga Larabcinta na kasuwa ne da kicin, sai suka aika aka kira wata ma'aikaciyar jinya, Sista Maiturare, Bazazzagiya mai faɗin fuska da ta zo aikin kwantiragi. Ta ja kujera ta zauna daf da ita.

"Sannu 'yar'uwa. Daga ina?"

"Gusau."

"Ikon Allah. To duk abin da kika faɗa a nan, a nan zai kwana. Likita tana tambaya, an tilasta miki?"

Lubabatu ta ce a'a, ta yi murmushi na uku.

Maiturare ta dube ta. "Wa ya koya miki wannan? Saki fuskarki, ba hoto za a ɗauka ba." Ta yi magana da likita, ta juyo. "Ta ce in gaya miki abin da ake gaya wa kowa. In ba kya so, ba sai kin yi faɗa da kowa ba. Za a rubuta cewa ba ki dace ba saboda dalilin lafiya. Ba za a faɗi dalilin ba, sirrinki ne. Babu wanda zai san daga bakinki ya fito."

Lubabatu ta fara lissafi. Ta tuna wuƙa. Ta tuna iƙama. Ta kuma tuna cewa mako biyar ke nan ba ta ɗauki tukunyar gas zuwa hawa na uku ba, kuma an sa mata na'urar sanyi a ɗaki.

"Sista, ba za a iya rubuta cewa ana nan ana gwaji ba?"

"Har yaushe?"

"Ko shekara goma. Kafin nan Ruba ta girma."

Maiturare ta fara dariya, sai ta ga da gaske take. "Babu wannan layin a fom ɗin, 'yar'uwa. Ko kina so, ko ba kya so."

"Ba laifi ba ne in na ce ba na so?"

"Jikinki ne."

Tunda ta zo ƙasar nan ba a taɓa gaya mata wani abu nata ne ba. Ta ce ba ta so. Ta faɗa da Hausa, ta sake faɗa da Larabci don likita ta ji da kunnenta.

Bayan kwana uku takarda ta fito. Sa'ud ya karanta a falo sau biyu, ya juya bayanta ko da saura. Ya koma asibiti ya buga tebur, ya ce shi ne kafilinta, da sunansa take zaune a ƙasar, dole a gaya masa abin da ke damunta. Aka ce sirrin marar lafiya ne. Ya dawo yana huci.

"Cutar da likita ya ji nauyin faɗin sunanta," in ji Manal, "kun san ba mura ba ce."

"Shekara tara tana dafa mana abinci," Hajiya ta ce tana duban hannayenta. "Wa ya sani ko daga nan tawa ta lalace."

A yinin nan aka kwashe matasan kai uku da na'urar sanyi. Aka ɗaura jan zare a hannun kofinta, aka ware mata faranti da cokali a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Manal ta ɗauke katifar Ruba ta kai nata ɗakin. Girki kam bai tsaya ba, tunda wuta tana kashe cuta, sai dai da safar hannu da takunkumi. Tsintsiya mai dogon hannu aka ba maƙwabta. Tukunyar gas ta dawo kanta, har Manal tana cewa gumi yana fitar da ciwo.

Ruba ta koma gaishe ta daga bakin ƙofar kicin. An zana mata iyaka a layin tayil na biyu.

"Mama, yaushe za ki warke?"

"Lafiyata ƙalau."

"To in zo?"

"Ruba," Manal ta kira daga ciki. "Ta'ali, yalla, zo nan."

Mako guda Lubabatu ta jure. A na biyu Sa'ud ya kira ta falo, ya ce ta tsaya daga can. Muryarsa a sanyaye, irin ta masu ta'aziyya.

"Mun yi shawara, Luba. Zalunci ne mu riƙe ki a nan kina ciwo kina aiki. Marar lafiya sai danginsa. Na yi miki takardar fita ta ƙarshe, jirgi ranar Lahadi. Ni zan biya, ba sai kin yi godiya ba."

"Da Ruba?"

"Ruba tana makaranta. Kuma ta ina 'yar aiki za ta fita ƙasa da 'yar maigida? Kama ki za a yi a filin jirgi. Kin ga har a nan ma kare ki nake yi."

Sai ta cire takunkumin. "Yaya, ba ni da cutar komai. Ni na ce musu ba na so. Su suka rubuta haka don su rufa min asiri."

Hajiya ce ta fara magana. "Zazzaɓi ne ke sa ta sambatu. Yarinyar da na riƙe shekara tara ba za ta ce haka ba."

"Wallahi na ce, Hajiya."

Sa'ud ya gyara zama. "To ɗaya ne cikin biyu. Ko cutar tana jikinki, ko tana zuciyarki. Duk wadda ce, gidan nan akwai yarinya ƙarama. Mayar da takunkuminki."

Ranar Alhamis ta ce za ta sayo ganye, ta tari tasi zuwa asibiti. Ta zauna a kan benci har Maiturare ta fito cin abincin rana.

"Sista, na dawo. A cire. Ko yau ne."

"Me ya faru?"

"Za su mayar da ni gida su riƙe 'yata. In na bayar za su bar ni."

Maiturare ta ajiye ledar abincinta a kan bencin. "Kin san abin da kika gaya min yanzu? Shi ne ainihin tilas ɗin da aka kafa kwamitin don shi. Da wannan maganar babu likitan da zai taɓa ki."

"To ban faɗa ba. Ina so kawai. Ga murmushin ma."

"Na riga na ji, 'yar'uwa. Kuma an rufe fayil ɗinki. Doka ce, don a kare ki aka yi ta."

"A kare ni daga me?"

"Daga a cire miki ƙoda ba da sonki ba."

"Ƙodar tana nan. Ita ba inda za a kai ta." Lubabatu ta dafa gefen cikinta. "Sista, ba su da kwamitin da ke tambayar uwa ko da sonta za a cire mata 'ya?"

Maiturare ta ce akwai ofisoshin da ake kai ƙara, ta rubuta mata lamba a bayan takardar magani. Ta tambaye ta ko tana da takardar aure da hukuma ta sani. Babu. Takardar haihuwar yarinyar da sunanta? Sunan matar Sa'ud ne a kai. Maiturare ta daɗe tana kallon lambar da ta rubuta, sannan ta ce ta dai kira. Lubabatu ta kira daga kan bencin, na'ura ta ce an tashi, a sake kira ranar Lahadi.

Ta koma gida da ganyen. Manal ta ce ya yi yaushi.

Lahadi da hantsi, ranar aiki da makaranta ce a ƙasar, aka sauko da akwatinta. An zaɓi lokacin da Ruba take aji, don kada a tayar wa yarinya hankali. Hajiya ta yafe mata daga bayan labule, ta ce ta yafe duniya da lahira, har abin da Lubabatu ba ta san ta yi ba. Manal ta ba ta kofin mai jan zare a leda, ta ce ta tafi da shi, ba rowa a gidan nan.

Sa'ud ya sa ta a kujerar baya, ya sauke gilasai duka huɗu saboda iska. Da suka zo kwanar makarantar 'yan mata ta ce, "Yaya, bari in hango Ruba, ko ta katanga ne."

"Cunkoso. Jirgi ba ya jira."

Ta juya tana kallon ginin har babbar mota ta tare shi. Lafiyayyun ƙodoji biyu take ɗauke da su, likitoci uku sun sa hannu a kan cewa nata ne, babu mai ikon taɓa su. Da su za ta sauka a Kano, ta nemi motar Gusau, ta je ta yi wa mutane bayanin inda ta baro 'yarta.

Wayar Sa'ud ta yi ƙara, ya sa a lasifika. Mutumin ofishin kawo 'yan aiki ne. Da Larabci suke magana, amma irin Larabcin da ta sani ne.

"Wace ƙasa kake so?"

"Ko wacce. Ƙasa da shekara talatin da biyar. Ba suga, ba hawan jini. Kuma ka duba min rukunin jininta kafin ka turo hoto."

"Rukunin jini? Girki za ta yi ko me?"

"Mahaifiyata tana da tsabta. Ka dai duba."

"Mai aure ko marar aure? Mai 'ya'ya?"

Lubabatu ta matso gaba. Ta cikin takunkumi ta ce, "Yaya, don girman Allah ka ce marar 'ya'ya."

Sa'ud ya dube ta ta madubi. Ya ɗan yi tunani, ya gyaɗa kai kamar wanda aka tuna wa abin da ya kusa mantawa.

"Mai 'ya'ya," ya ce wa wayar. "Sun fi haƙuri."